Tagumin Yumɓu

A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bari wata ta ɗauke shi. Haka na ga Innarmu ta yi wa Yayanmu, ita ma haka ta tashi ta tarar. Mu 'yan boko mukan ce wannan al'ada ta wuce, amma ba ta wuce ba, ta dai shige cikin jini. Ni da na yi digiri a Samaru, nakan kira ɗana da sunansa in muna ɗaki mu biyu, amma da surukata ta ɗaga labule sai bakina ya koma "kai" da "yaron nan". Ba wanda ya tilasta mini. Ni da kaina nake jin nauyin.

Yana da shekara bakwai Allah ya karɓi abinsa. Sikila ce. Ni da mahaifinsa duka AS ne, kuma a zamanin aurenmu ba a cika maganar gwajin jini ba. Daga baya likita ya zana mana a takarda cewa duk cikin da na ɗauka, akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai ciwon. Shi ya faɗa cikin wannan kashin. Wanda bai yi jinyar mai sikila ba, da wuya ya gane irin ta. Ba rauni, ba jini, ba abin da za ka nuna wa mai zuwa dubiya. Ciwon yana can cikin ƙashi. In sanyin hunturu ya shigo sai yaron ya dunƙule a kan tabarma, gwiwa a ƙirji, ya cusa gefen zanena a baki ya ciza. Baƙi su ce, "Kai, jarumi ne, ko kuka ba ya yi." Shi kuma yana ji, sai ya ƙara cijewa.

Ranar jana'iza maza suka fita da shi bayan Azahar, mu mata muka zauna a tsakar gida. Mace ba ta zuwa maƙabarta a wurinmu, don haka har gobe ban san inda kabarinsa yake ba. Mata suna shigowa suna cewa, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Ina amsawa, idona a bushe ƙamas. Har na jiyo wata tsohuwa a bayana tana cewa, "Yarinyar nan akwai tawakkali." Maganar ta sanyaya mini rai a lokacin, kuma ita ce ta kulle ni. Wadda aka yaba da dauriya a gaban jama'a, ina za ta sami fuskar yin kuka bayan an watse?

Maƙwabta, don tausayi, suka daina kirana da sunansa. Da ni Maman wane ce, sai na koma Maman ƙanwarsa. Ba wanda ya shawarce ni, ba kuma wanda ya yi da mugun nufi. Kafin a yi sadakar arba'in sunan ya ɓace daga unguwar. Ni da ba ni da izinin faɗarsa tun yana raye, yanzu ko a bakin wani ba na jin sa.

Shekaru suka tura. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ina girki, ina zuwa biki da suna, ana raha da ni. Sai dai kafaɗata ta hagu ta riƙe, barci ya zama na rabin dare, jini ya hau. Wani lokaci ina tsinkar zogale sai in farga hannuna ya daina aiki ya koma kumatu. In Gwaggo tana kusa sai ta buge hannun. "Sauke! Uwarki ce ta mutu ko ubanki?" Haka ake yi mana tun muna yara, tagumi abin faɗa ne. Sai in sauke in ci gaba da zogale.

Tangaran na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, amma tun da na yi aure ban ƙara taɓa yumɓu ba. A zamanin ɗalibta burinmu duka Ladi Kwali ce, Bagwariyar da ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'armu ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma ita ce a bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya. Randunanta na gani a hoto, da kunama da ƙadangare da kada da ta zana a jikinsu, na ce ni ma abin amfani zan riƙa ginawa, kofi da buta da tulu. Siffar mutum ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. A gidan da na fito wannan gunki ne, an gama magana.

Abin da ya mayar da ni shi ne jarrabawar ɗalibaina. Ana bukatar su yi aikin hannu, aka kawo buhun yumɓu daga Bomo, aka ce Malama ta shirya. Bayan an tashi na zauna ni kaɗai a bayan aji ina kwaɓawa. Sanyin laka ya ratsa tafin hannuna har gwiwar hannu. Niyyata in gina ɗan kwano in nuna musu gobe. Na ɗora igiyar yumɓu a kan igiya, bangon ya tashi, sai na ga ɓangare ɗaya ya ranƙwafa ciki. Maimakon in miƙar da shi, sai na bi shi. Na sa yatsa daga ciki na turo wuri biyu, suka zama allon kafaɗa. Na ja babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ƙashin baya ya fito. Ban san bayan wa nake ginawa ba, nawa ne ko na yaron a kan tabarma. Na dai san lokacin da mai gadi ya leƙo ya ce, "Malama, za a rufe ƙofa," gaban hijabina ya jiƙe, kuma ba da ruwan kwaɓi ba.

Na naɗe shi a leda na kai gida na ɓoye a ɗakin ajiya, bayan buhun masara. Daga nan duk daren da barci ya ƙi zuwa sai in shiga can da fitila. Maigidana mutum ne mai sanyi, ba ya bincike, amma gida ɗaya ba ya ɓoye abu har abada. Wata Asabar ya shiga neman fartanya ya fito ya tsaya a bakin madafa.

"Malama, gumaka za ki tara mana a gida?"

Na ce, "Ba gumaka ba ne, Malam."

"To mene ne?"

Ban iya amsawa ba. Kuma tambayarsa tana kan hanya. Ni Musulma ce, ba na son in sami sauƙin zuciya da abin da zai zame mini nauyi gobe ƙiyama. Don haka na shirya na tafi wurin tsohon malaminmu na Islamiyya a cikin birni, dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau. Na durƙusa a soro na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da hannuna yake yi, ban san hukuncinsa ba." Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce a mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne siffar mai rai wadda take da jiki har tana da inuwa, kuma cikakkiya. In an tauye ta, aka cire mata abin da mai rai ba ya rayuwa sai da shi, kamar kai, to hukuncin ya sauka. Ya ce an kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Bai ɓoye mini ba cewa akwai malaman da suka fi tsanantawa, ya ce in tsaya inda zuciyata ta natsu. Da na tashi tafiya sai ya ce, "'Yata, me ya sa sai yanzu?" Na ce ɗana na fari nake tunawa. Ya yi shiru, sannan ya tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a gaban sahabbansa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Na san wannan labarin tun ina 'yar aji uku. Ban taɓa jin an faɗa mini shi a zaman makoki ba.

Tun daga ranar ba na yi wa siffofina kai. Da farko na ɗauka tauyewa ce zan jure don addini. Ashe nan aikin ya fara. Fuska ta iya ɓoyo, musamman fuskar matanmu da aka horar tun daga shimfiɗa. Ki duba hoton biki, ki ga amarya da uwar amarya da uwargida, kowa haƙora a waje, ba ki san wadda ta kwana tana kuka ba. Amma ki koma bayansu ki dubi yadda suka zauna. Akwai wadda kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka. Akwai wadda ta harɗe yatsu a kan cinya har jijiya ta fito. Akwai wadda ta zauna a gefen kujera ƙafa a shirye, alhali gidan ubanta ne. Ba wanda ya koya wa baya kunya, shi ya sa ba ya ƙarya. Na koma mai kallon bayan mata, a layin asibiti, a motar haya, a sahun Idi.

Ginin kuwa ba ya son gaggawa. Yumɓun da aka haƙo sai an jiƙa shi ya narke, a tace tsakuwa da saiwa, a shanya ya yi kauri. Sannan in daka tsingaro a turmi, in tankaɗe, in zuba kamar kashi 1 cikin 4. Garin fasasshiyar tukunya shi ke ba sabon yumɓu ƙashi, ya rage masa tsukewa, ya buɗe masa hanyar da ruwa zai fita. Magina na gargajiya sun san haka tun kafin a buɗe jami'a. Daga nan sai murza, in dunƙule in buga in ninke, har ya zama jiki ɗaya.

Daga cinya nake farawa. Ina murɗa yumɓu ya zama igiya mai kaurin babban yatsa, ina zagayawa ina ɗorawa, ina shafe mahaɗin ciki da waje. Cikin siffar fanko ne, bangon bai wuce kaurin yatsa ba. In na kai ƙugu dole in tsaya, in rufe bakin da tsumma mai laima, in bari ƙasan ya yi ƙwarin da zai ɗauki saman, in ba haka ba duka ya zube. Abin da ba a gani a hoto shi ne yawancin aikin daga ciki ake yin sa. Hannun hagu yana cikin ramin ƙirji yana turowa, na dama yana waje yana tarewa. In ina son haƙarƙari ya nuna ta ƙarƙashin zane, daga ciki zan bi shi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Akan wayi gari hannuna yana cikin ƙirjin wata mata har gwiwar hannu, ina laluben inda numfashinta ya tsaya.

Mayafi shi ne na ƙarshe. Ina shimfiɗa yumɓu a kan buhu in murje shi da kwalba ya yi faifai siriri, in ɗaga da hannu biyu in yafa mata daga sama, ya sauka yadda ya ga dama. Inda fuska za ta kasance sai in bar shi a buɗe, duhu kawai. Sannan hannu. Gwiwar hannun a kan gwiwar ƙafa, tafin ya tashi sama ya buɗe, yana jiran kumatun da babu. Wannan hannu ya fi komai wahala. Siriri ne, yana rigan jiki bushewa, kuma yumɓu yana tsukewa wajen kashi 1 cikin 10 tsakanin bushewa da gashi. In wuyan hannu ya bushe kafaɗa tana ɗanye, nan zai tsage. Sai in tokare shi da kara, in naɗe shi da leda shi kaɗai, in bar sauran jikin ya kamo shi. A hunturu kuwa, iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya tana iya lalata aikin mako a wuni ɗaya, don haka ɗakin a rufe yake, da kwanon ruwa a kusurwa.

Muna ɗalibai an kai mu gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe a 1952. A can na fara ganin kawunan Nok, waɗanda aka fara tono irinsu a 1928 a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. Sun haura shekara 2000. Malaminmu ya nuna mana hudar da ke ƙwayar ido da hanci da baki da kunne, ya ce ban da kyau, tana barin tururi ya fita lokacin gashi. A lokacin abin da na rubuta a littafina ke nan. Sai da na fara nawa ginin na koma duba hotunansu da wani ido. A cikinsu akwai masu alamun cuta, fuska a karkace, gaɓa a kumbure. Akwai mutum a zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa. Ba za mu taɓa sanin abin da maginin yake nufi ba, amma wani a wannan ƙasa tamu, da irin wannan laka, ya ga mutum cikin damuwa ya ce wannan ma ya cancanci a gina shi. Haka kuma na karanta labarin Käthe Kollwitz, Bajamushiyar da aka kashe ɗanta Peter a farkon yaƙin duniya na ɗaya a 1914. Sai a 1932 ta kammala siffofin uwa da uba a durƙushe, na dutse, waɗanda ke wata maƙabartar sojoji a Beljiyam. Shekara 18. Uban ya rungume kansa da hannuwansa biyu, uwar ta sunkuya cikin mayafi. Da na ga tsawon lokacin da ta ɗauka, na daina jin cewa na makara.

Na daɗe ban gasa ko ɗaya ba. Yumɓu muddin bai shiga wuta ba, komai bushewarsa, in kika jefa shi a bokitin ruwa zai narke ya koma laka. Haka nake yi. In gina, in zauna da ita kwanaki, in narkar, in sake gina wata da jikinta. Wuta ce ke yanke wannan. Ruwan da ya rage a jiki yana zama tururi a digiri 100, shi ya sa ake fara ɗumama kaya a gefen wuta, in ba haka ba su fashe. Amma akwai wani ruwan da ke ɗaure a cikin halittar yumɓun kansa, wanda ba ya fita sai zafi ya kai tsakanin digiri 450 zuwa 600. In ya fita, shi ke nan, ko shekara dubu ta yi a ruwa ba za ta koma laka ba. Na gane cewa narkarwar da nake yi irin shirun da na yi ne a tsakar gida: abin ya faru, amma kada ya bar shaida.

Ba ni da tanderun gashi, don haka ranar da na yanke shawara, magina na nema a wani ƙauye ta wajen Hunkuyi. Maigidana ne ya kai ni, da siffofi uku a kwali cikin ƙaiƙayi. Bai ce komai ba a hanya. Dattijon da ke kula da gashin ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne, ya ce, "Hajiya, ta bushe. Wa ya koya miki zuba tsingaro?" Bai tambayi ina kanta ba. Aka jera su tsakanin tukwane, aka lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, aka cinna. Irin wannan wuta ba ta kai ta tanderun jami'a ba, inda ake haura digiri 1200, amma ta isa ta mayar da laka tukunya. Da ta ci ta lafa aka zaro su da dogon itace suna ja, aka yayyafa musu ruwan makuba da reshen ganye. Suka yi ƙara, hayaƙi mai ɗaci ya tashi, jikinsu ya koma baƙi-baƙi mai sheƙi, da dabbare-dabbaren da wuta ta ga dama ta bari.

Muna jiran su huce na lura da wasu tukwane jibge a gefe, manya, ba ado, ba a ko goge su ba. Na tambaya. Dattijon ya ce na maƙabarta ne, da su ake rufe ƙaramin ramin kabari kafin a zuba ƙasa. Na san ana yi, amma ban taɓa gani da idona ba. A mota, mun kusa Samaru, na ce, "Malam, shi da me aka rufe nasa?"

Ya rage gudu ya sauka gefen titi ya kashe mota. Ya ce da tukwane ne. Ya ce shi ya shiga ramin da kansa, ƙaninsa ya miƙo masa yaron, kuma bai san ya rame haka ba sai da ya ji shi a hannu. Ya ce ramin ya yi masa faɗi. Ya ce shi ya jera tukwanen, ya toshe tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada gari ya zuba masa a fuska. Ya ce da ya fito mutane suna ba shi hannu suna cewa ya yi ta maza. Sannan ya kira sunan yaron, ya kifa kai a sitiyari. Gida ɗaya, gado ɗaya, duk waɗannan shekaru, ina ganin ni kaɗai nake ɗauke da shi, shi ma yana ganin haka. Kowa yana tausayin ɗan'uwansa, kowa ya yi shiru don kada ya tayar wa ɗayan.

Ba na cikin masu zagin kunya. Kunya ta rufa mana asiri a wurare da yawa, ta hana surukai cin fuskar juna, ta sa yaro ya san kowa a gida uwarsa ce. Haƙuri kuwa umarnin Allah ne, ba ni da ja. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muka haɗa haƙuri da bushewar ido har muka kasa rabewa. Annabi Yakubu ya yi haƙuri mai kyau, kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da faɗin abin da zai saɓa wa Ubangiji. Mu kuma sai muka ƙara namu a kai, muka hana har tagumi. Matar da ta binne 'ya'ya uku za a ce da ita "ai ke kin saba". Wadda ta yi ɓari ko gaisuwa ba a zuwa yi mata. In abin ya ci ta ya fito ta wata hanya, ta daina magana ko ta daina wanka, sai a ce iska ce. In aka ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Dawanau sai dangi su ce za a ɓata wa gida suna, alhali likitocin can damuwa da rashin barci ma suna dubawa.

Kada kuma a ce yumɓu ya warkar da ni. Ina shan maganin hawan jini har yau. Na ga likita a kan barci, ya taimaka. Hunturu in ya kama, har yanzu nakan farka in laluba ko an rufe yaro, sannan in tuna. Abin da ginin ya yi mini shi ne ya fito da abin waje ya ajiye a kan tebur, inda ni da wani za mu iya kallonsa tare ba sai mun kalli juna ba. Ga mutanen da kallon ido ke yi wa nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An taɓa nuna kaɗan daga cikinsu a wani ɗan baje koli. Wani mutum daga Abuja ya so ya saya ya ƙawata zauren otal, da sharaɗin in ɗora musu kawuna masu fara'a. Na ba shi haƙuri. Waɗanda suka fi tsayawa a gabansu mata ne, kuma ba 'yan boko kaɗai ba. Wata mai shara a wurin ta jingine tsintsiyarta ta daɗe a gaban ɗaya, sannan ta ce mini, "Wannan mijinta ne ya yi mata, ba mutuwa ba ce." Na ce ta yaya ta sani? Ta ce, "Ba ki ga ta juya wa ƙofa baya ba?" Ni da na gina ban lura ba.

Gwaggo ce ban yi tsammani ba. Ta zo mana kwana biyu don ganin likitan ido. Yanzu siffofin suna kan kanta a ɗakin ajiya, ba a ɓoye ba, ba kuma a falo ba, a nan muka tsaya ni da maigidan. Da safe na same ta a ciki a tsaye, sanda a hannu. Na shirya jin faɗa. Ta miƙa hannu ta shafa tafin da ke buɗe a sama, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ba ki sa mata goyo ba."

Na ce ai ba ta da shi.

Ta ce, "In ba ta da shi ma bayan yana tunawa. Majanyi yana barin wuri." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan ƙirjinta, inda ake ɗaure zane, ta ce in taɓa.

Mu duka mun tashi da sanin Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. A ranar ta gaya mini ta haifi namiji a aurenta na fari, tana 'yar shekara sha biyar, ya yi wata takwas ƙyanda ta ɗauke shi. Ɗan fari ne, don haka ba ta yi kuka ba, kuma da auren ya mutu aka daina zancen. Duk waɗanda suka san shi sun rasu, saura ita. Ta faɗa mini sunansa, ta maimaita, ta ce in riƙe.

Sannan ta ce in gina mata ɗaya, mai wurin majanyi. Na ce ban san yadda nauyin ɗan wata takwas yake zama a bayanta ba, ita ta sani, sai dai mu yi tare. Ta ce hannunta yana rawa, kuma ita ba ta yi boko ba. Na ce rawar hannu ba ta hana murɗa igiya, sauran ni zan tare daga waje. Ta ce to in bari a gama aikin idon tukuna, ba ta son ta gina shi da lalube. An sa mata rana bayan Sallah. Na riga na jiƙa yumɓun, kuma na aika a tara mini tsingaro.